Tsuntsayen Taki Da Kifin Ƙasar Peru

Kowane manomi ya san ƙarfin kashin kaji da na tantabara. Mai lambun albasa ba ya yarda a share shi a zubar a juji, don ya sani kaɗan daga cikinsa ya fi kashin shanu mai yawa aiki. To, akwai wata ƙasa a Kudancin Amurka, sunanta Peru, wadda ta yi wajen shekara 40 tana dogara ga kashin tsuntsu, kamar yadda a da Jihar Arewa ta dogara ga gyaɗa da auduga. Tsuntsayen nan na teku ne, abincinsu kifi. Yau ba su da yawa kamar da, kuma abin da ya rage su ya isa manomi da ɗan kasuwa su tsaya su ji.

Peru tana bakin babban tekun nan da a ke kira Fasifik. Ruwan gaɓarta sanyi gare shi ƙwarai, ko da ya ke ƙasar ba ta da nisa da tsakiyar duniya inda rana ta ke da zafi. Dalili shi ne, iska ta kan taso daga kudu ta bi gaɓa, ta kore ruwan sama zuwa cikin teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ruwan nan na ƙasa ɗauke ya ke da ruɓaɓɓun abubuwan da suka mutu suka nutse tun tuni, watau dai taki ne. Aikin da iska ta ke yi a nan shi ne aikin da garma ta ke yi a gona, tana juyo ta ƙasa sama. Da takin ya sami hasken rana sai waɗansu tsirai ƙanana, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin guda ɗaya sai da madubin likita, su yi ta yaɗo har ruwa ya sake launi. Su ne ciyawar teku.

Mai kiwo a wannan makiyaya wani ɗan kifi ne wanda mutanen ƙasar su ke kira ancobeta. Tsawonsa bai kai taƙi guda ba, amma garke garke ya ke tafiya, garken da ba mai iya ƙirgawa. A kansa manyan kifaye su ke rayuwa, da dabbobin ruwa, da tsuntsaye iri uku waɗanda su ne masu ba da taki: ƙwasaƙwasa, da wani mai faɗowa daga sama kamar kibiya ya cafki kifi, da wani baƙi mai dogon wuya da farin ƙirji, wanda ya fi su duka yawan kashi. Su kan wuni a teku, su kwana su yi sheƙa a kan waɗansu tsibirai na dutse.

Ga wani abin lura. Sanyin ruwan nan ya kan hana hadari haɗuwa, sabo da haka gaɓar Peru hamada ce, a kan shekara ba a ga ruwan kirki ba. Tun da ba ruwan da zai wanke kashin, sai ya yi ta taruwa shekara dubbai da ƙarfinsa duka, har a tsibiran Cinca tudunsa ya wuce ƙafa 100. Da a ce a Zariya tsibiran nan su ke, damina guda ta isa ta tafi da mafi amfanin abin da ke cikinsa. Manomin da ya ke barin takinsa a fili ruwa yana dūka, ya tuna da wannan.

Sunan takin guwano. Kada mai karatu ya ɗauka gwanon nan ne mai tafiya a jere, ko da ya ke wajen wari ba wanda zai yi wa wani gori. Sarakunan Inka, waɗanda suka mallaki ƙasar kafin zuwan Turawan Sifen, sun san darajarsa. Sun raba wa kowane lardi tsibirinsa, suka kuma kafa doka, wanda ya kashe tsuntsun ko ya tashe shi lokacin ƙwai, hukuncinsa kisa. Cikin 1802 wani masani Bajamushe, Humbolt, ya ga takin ya kai samfurinsa Turai aka gwada. Daga wajen 1840 jiragen ruwa suka fara jigilarsa zuwa Ingila da Amurka. Cikin 1870 kaɗai an fitar da fiye da tan 700,000, tan guda kuwa buhu 20 ne na takin zamani mai kilo 50. 'Yan ƙodagon da aka kwaso daga ƙasar Sin su suka yi yawancin haƙar, cikin wahalar da ba ta da bambanci da bauta. Har yaƙi aka yi a kan abin, don cikin 1864 jiragen yaƙin Sifen sun kame tsibiran Cinca. Kafin 1880 abin da tsuntsaye suka yi shekara dubbai suna tarawa ya kusa ƙarewa, su kansu kuma an firgita su, an kwashe ƙwansu.

Sai cikin 1909 aka yi hankali. Aka kafa kamfani na musamman don kula da tsibiran, aka sa masu gadi, aka hana ɗibar ƙwai, aka hana kwasar taki lokacin da tsuntsaye ke kan sheƙa. Daga baya har katanga aka gina a waɗansu wurare na gaɓa don kada yanyawa ta shiga. Abin ya yi kyau. Wajen 1955 an ƙiyasta tsuntsayen sun kai miliyan 20 ko fiye.

Farin Teku

Makiyayar teku ita ma tana da nata fari. Bayan shekara 2 zuwa 7 iskar nan mai juya ruwa ta kan yi rauni, sai ruwa mai ɗumi ya kwararo daga yamma ya rufe na sanyi kamar bargo. Taki ba ya tasowa, ciyawar teku ta ƙi fita, kifi ya rame, ya nutsa ƙasa ko ya gudu kudu neman sanyi. Tsuntsu ba ya iya nutso ya cim masa, sai iyaye su bar 'ya'ya a sheƙa, gawarwaki su cika bakin gaɓa. Masunta na can sun sa wa wannan abu suna El Nino, watau Yaron, don wajen Kirsimati ya kan fara.

Amma fa wannan ba sabon abu ba ne. Tun kafin Inka a ke yinsa, kuma kullum in ya wuce, kifin da ya tsira ya kan zuba ƙwai, cikin shekara biyu ko uku garke ya komo, tsuntsaye su biyo baya. Kamar makiyayin da fari ya kashe masa shanu ne amma ya tsira da 'yan karsana. Abin da ya sake lissafi shi ne shigowar wani sabon mai ci.

Wajen 1950 aka fara kafa injuna a bakin gaɓa masu dafa kifin, su matse mansa, su busar da shi su niƙe. Garin nan ba don mutane ba ne, don kaji da aladun Turai da Amurka ne. Kifi wajen tan 4 ko 5 ya ke ba da tan guda na gari. Waɗansu injunan ma daga Kalifoniya ta Amurka aka sayo su da araha, don can an riga an kame nasu kifin har ya ƙare, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sa mai su ya ke sayarwa. Aka samo taru na zaren roba wanda ba ya ruɓewa, jirage suka wuce 1,000, garin Cimbote ya cika da 'yan ci rani da hayaƙi da ƙarni. Cikin shekarun 1960 ba ƙasar da ta kai Peru kamun kifi a duniya.

Tsuntsaye su suka fara nuna alama. Da El Nino ya zo cikin 1965 suka mutu miliyan bisa miliyan, saura bai fi miliyan 4 ko 5 ba, kuma wannan karon ba su komo ba, don abincin da za su farfaɗo da shi yana cikin taru. Masu injuna ba su damu ba. Ga ganinsu tsuntsu kishiya ce, kowane kifin da ya haɗiye asararsu ce.

Masana sun ba da shawara kada kamun shekara ya wuce tan miliyan 9 da rabi. Cikin 1970 aka kama fiye da miliyan 12. Sa'an nan El Nino mai tsanani ya sauka cikin 1972, a shekarun nan da fari ya ke cin Arewa da Nijar. Nan ne aka yi babban kuskure. Da ruwa ya yi ɗumi, sauran kifin duka ya taru a 'yan wuraren da sanyi ya rage kusa da gaɓa, kamar yadda tarwaɗa ke taruwa a ɗan kududdufi in kogi ya janye. Masunta suka ga taru yana cika ba wuya, suka ce ai kifi bai taɓa yawa haka ba. Ashe iri su ke kwashewa. Cikin 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba. Injuna suka tsaya, dubban mutane suka rasa aiki, gwamnati ta karɓe sana'ar duka daga hannun masu ita. Bayan wani El Nino na 1982 da 1983, kamun 1984 bai kai ko tan 100,000 ba.

'Yan kasuwa su dubi inda abin ya bi. Da garin kifi ya ɓace, masu kaji na duniya suka koma kan waken suya, kuɗinsa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Cikin Yuni 1973 Amurka ta tsai da fitar da waken na ɗan lokaci don kada nata kajin su rasa. Japan, wadda ta dogara gare shi, ta tsorata, ta shiga zuba kuɗi a noman waken a Barazil. Yau Barazil ita ce kan gaba a nomansa.

Sai cikin shekarun 1990 kifin ya sake yawa. Yanzu akwai doka. Jirgin masana ya kan fita ya auna garken kafin a buɗe kamu, a yanka abin da za a ɗiba. Tun 2009 kowane jirgi da rabonsa, ba kamar da ba da kowa ke rige rige. Kifin da bai kai santimita 12 ba, watau kusan inci 5, ƙarami ne, in ya yi yawa a taru sai a rufe wurin. Cikin 2023 da ruwa ya sake ɗumi, gwamnati ta soke kamun farko na shekarar a babban yankin, abin da ya kamata a yi tun 1972. Yawancin garin yanzu Sin a ke kai shi don kifin kiwo, kuma in ya yi tsada a can, mai kiwon tarwaɗa a nan ya kan ji a jikinsa.

Akwai abin da doka ba ta iya tarewa. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa yana ƙara wa duniya zafi, mafi yawan zafin kuwa teku ke shanye shi. Cikin 2022 waɗansu masana suka ba da labarin lakar da suka haƙo daga gindin tekun Peru, wadda ta kwanta tun wajen shekara 125,000 da suka wuce, lokacin da duniya ta fi yanzu ɗumi. Da suka duba ƙasusuwan kifin da ke cikinta, sai suka tarar ancobeta kaɗan ne, waɗansu ƙananan kifaye marasa amfani ga masunta su suka fi yawa.

Tsuntsayen kuwa har yau ba su kai rabin yawansu na 1955 ba. Cikin 2009 an mai da tsibirai 22 da waɗansu wurare 11 na gaɓa gandun gwamnati. A ƙarshen 2022 murar tsuntsaye, irin wadda ke shiga kaji, ta kashe dubban ƙwasaƙwasa. Har yanzu ana kwasar takin da hannu, da shebur da tsintsiya da buhu, tsibiri guda bana, wani baɗi. A shekara mai kyau a kan sami wajen tan 20,000 ko 30,000, yawancinsa a sayar wa ƙananan manoman ƙasar da rangwame.