Ziyarar Abuja: Abin da Ya Kamata Hakimi Ya Gani

Hakimai da malamansu sukan tafi Abuja domin taro, su komo ba su ga kome ba sai ofis da masauki. Wannan hasara ce, domin talakawa za su tambayi labarin birnin da ake yi musu doka, kuma abin kunya ne shugaba ya rasa amsa.

Wanda ya tashi daga Tudun Wadan Zariya, ko dai ya miƙe da mota, ko ya shiga jirgin ƙasa a Rigasa ta Kaduna ya sauka Idu. Mai mota shi ya fi riba, gama zai ratsa ta kusa da Suleja. Tarihin garin nan na Zazzau ne. Da jihadi ya fitar da Sarki Makau daga Zariya sai ya yi kudu, ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da Janar Murtala Muhammadu ya yi dokar sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin, tsohon garin ya koma Suleja, watau da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ran 12 ga Disamba 1991 Gwamnati ta taso daga Ikko.

Kusa da nan Dutsen Zuma yake, wanda aka taɓa sa hotonsa a jikin takardar naira 100.

A cikin birni, a fara da gindin Dutsen Aso, inda Fadar Shugaban Ƙasa da Kotun Ƙoli da Majalisar Tarayya suke. Majalisar zaure biyu ce: na Dattawa mai wakilai 109, da na Wakilai mai 360. Kamata ya yi baƙo ya nemi izni ta hannun wakilin ƙasarsa tun kafin ya taso, don ya ga yadda ake muhawara. Kada a ɗauki hoto a nan sai an tambayi masu tsaro. Sa'an nan a yi salla a Masallacin Ƙasa, a huta a lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003.

Aikin malamin hakimi ne ya riƙe littafi, ya rubuta yadda aka tsara magudanan ruwa da kasuwanni da dashen itatuwa. In an komo gida sai a karanta wa dagatai, a zaɓi abu ɗaya wanda ƙasar za ta iya yi kafin damina ta faɗi.