Ciwon Sukarin da Ke Ɓoye Kamanninsa: Jan Hankali ga Manya

Jama'ar Dawakin Kudu, Kura da Bunkure, mun saba ɗaukar ciwon sukari a matsayin cutar mai ƙiba da mai zaman hutu. Amma akan ga manomi siriri, ɗan shekara 35 ko 40, wanda ya wuni a fadamar Kadawa, ya kamu da ƙishirwa da yawan fitsari da rama. A ba shi ƙwayoyi, su yi aiki shekara ɗaya ko biyu, sannan su daina. Sai a ce sammu ne, ko a ce ba ya kiyaye doka. Sau da yawa ba haka ba ne.

Mene ne wannan ciwo?

A bayan tumbi akwai wata halitta da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke yin sinadarin insulin. Aikin insulin kamar na ƙofar magudanar ruwa ne: ko ruwan madatsar Tiga ya cika kwata, in ba a buɗe ƙofa ba, shinkafa bushewa za ta yi. Haka sukari ke taruwa a jini alhali jiki na jin yunwa.

A ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, akwai insulin amma jiki ba ya karɓarsa sosai. A na ɗaya, garkuwar jiki ce ke kuskure ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. A yara abin na zuwa da sauri. A manya yakan tafi sannu a hankali, shi ya sa ake ɗaukarsa na biyu. A 1993 masana suka raɗa wa wannan nau'i suna LADA. Wani babban bincike a Birtaniya ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na manyan da aka ce suna da na biyu, akwai alamarsa a jininsu.

Yadda ake fahimtar takardar gwaji

Tsaga yatsa yana nuna yawan sukari ne kawai, ba dalilinsa ba. Dalili sai an ɗebi jini an nemi sojojin garkuwa masu faɗa da fankiriyas. Wanda aka fi nema shi ne GAD. Akwai kuma IA-2 da ZnT8.

In an same su, alama ce garkuwar jiki ce sanadi. In lambar gwajin ta yi sama sosai, ko an sami iri biyu ko uku, to buƙatar insulin ta matso. In iri ɗaya ne kuma kaɗan, likita zai haɗa da sauran alamu kafin ya yanke hukunci. Rashin samunsu ma bai kore zargi gaba ɗaya ba. Wannan lamba ba ma'aunin sukari ba ce, kuma babu jiƙo ko ganyen da ke wanke ta. Gwajin C-peptide ne ke nuna ragowar insulin ɗin da jiki ke yi, kuma da shi ake tsara magani.

Ba a yin waɗannan gwaje-gwaje a ƙaramin asibiti. Wanda ya ga alamu ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ya ga likitan sukari.

Zama da ciwon

Na farko, kada a ji tsoron allurar insulin. Ba alamar ajali ba ce. Mayar wa jiki abin da ya rasa ne. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, masu nau'i na ɗaya ba sa daɗewa. Yau suna noma, suna aurar da 'ya'ya.

Na biyu, kada a sayi ƙwaya a kemis bisa shawarar maƙwabci. Irin su glibenclamide, masu matsa wa fankiriyas, likitoci na guje musu ga mai LADA.

Na uku, zafi na lalata insulin. In babu firiji, a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a sanyin randa, nesa da rana. Kada a bar ta ta ƙanƙare.

Na huɗu, aikin gona na saukar da sukari. Kada a yi allura a fita ba karyawa. A riƙe dabino ko sukari a aljihu. Da an ji rawar jiki, gumi ko jiri, a ci nan take. Abokan aiki su san da haka.

Na biyar, amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama tare da hawan sukari, asibiti ne ba kwana. Ko zazzaɓi ya hana cin abinci, kada a dakatar da allura sai da izinin likita.

Na shida, a tattauna da likita tun kafin watan azumi. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Ku kuma iyali, ku daina yi wa mai ciwon gorin cewa shi ya jawo wa kansa. Ba shan shayi ba ne ya kawo ciwon, kuma ba ya yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya. Duk wanda kuka ga yana ramewa alhali yana shan ƙwayoyinsa, ku raka shi asibiti, ku tambayi likita ko ya dace a auna garkuwar jikinsa. Allah Ya ba mu lafiya.