Yadda ake ƙera gatari da ƙarfen sifirin mota

Gatarin da manomi ke sharar gonar citta da shi a Kafanchan ko Kwoi, sau da yawa tsohon sifirin mota ne aka sauya wa kama. Ƙira tsohuwar sana'a ce a yankin, domin mutanen Nok, waɗanda aka raɗa wa sunan ƙauyen Nok na ƙaramar hukumar Jaba, suna narka tama tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Maƙerin yau kuwa wurin 'yan gwangwan yake samun ƙarfensa. Yana zaɓar sifirin saboda sinadarin kabon ɗin da ke cikinsa, kimanin kashi 0.6 cikin 100. Rodin gini bai kai haka ba, shi ya sa bakinsa ba ya riƙe kaifi sosai.

Da farko ana hura wuta da zugazugi, gawayin ƙirya ya fi dacewa don zafinsa. Ana sa ƙarfen har ya wuce ja ya koma ruwan ɗorawa, wajen digiri 1,000. A wannan zafi ya yi laushi, sai a kama shi da awartaki a ɗora a kan maƙera, a datse gwargwadon bukata, a yi ta duka har baki ya baje, gindi ya tsuke inda zai shiga ƙota. Wasu kan yi maƙerar da guntun ƙarfen titin jirgi, abin da ba a rasawa a Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927. Ba a barin ƙarfe ya daɗe cikin wuta, domin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jikinsa, waɗanda ido ba ya gani, girma suke yi, kuma ƙarfe mai manyan ƙwayoyi yana saurin karyewa.

Duka siffa kawai yake bayarwa, taurin a wajen sanyayawa ake samunsa. Ana mayar da bakin gatarin wuta har ya yi jawur, tsakanin digiri 800 da 850. Alama mai sauƙi ita ce maganaɗisu, wanda ke daina kama ƙarfe a wajen digiri 770. A nan kabon ya narke ya bazu cikin ƙwayoyin. In aka bar shi ya huce a hankali, kabon zai sami sukunin warewa, ya jeru hawa-hawa da ƙarfe mai laushi, bakin ya fito ba tauri. In kuwa aka tsoma shi nan take cikin ruwa ko baƙin mai, kabon zai maƙale inda yake, ciki ya cika da wani tsari mai kama da allurai da ake kira matensayit, sunan da aka samo daga masanin ƙarfe na Jamus, Adolf Martens. Baƙin mai ya fi aminci ga sifirin, ruwa yakan sa shi ya tsage.

A wannan mataki gatari ya yi tauri amma ya yi gautsi kamar tangaran, sara ɗaya a kan busasshen itace zai iya ɓalle masa baki. Nan ake gane gwani. Ana goge bakin ya yi haske, a ɗumama shi kaɗan-kaɗan ana kallon launi. Ruwan kara yakan bayyana a wajen digiri 230, wanda ya dace da wuƙa. Gatari yana son ya kai ruwan ƙasa zuwa shunayya, tsakanin 250 da 280, sai a sake tsoma shi don tsayar da zafin. Ya rage tauri kaɗan, ya sami juriyar duka.

Daga nan sai wasawa da sa ƙota. Ana gwada bakin da magagari: in ya ci shi kamar katako, ƙarfen bai yi tauri ba, sai a mayar da shi wuta.