Idan Ciyawar Teku Ta Mutu a Tankin Murjani

Aikina kula da tankunan kifi na ruwan gishiri ne, irin waɗanda ake rainon murjani a ciki. Asarar da ta fi yi mini ciwo ita ce wadda ciyawar teku ke jawowa, domin mai tankin da hannunsa ya sa ta, kuma da kyakkyawar niyya.

Ana shuka ta ne a ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban, don ta riƙa tsotse naitiret da fosfet da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Tana yin aikin kuwa. Abin da mutane ke mantawa shi ne dattin nan bai bar tankin ba, yana nan a jikin ciyawar, kamar hatsi a rumbu. Ba ya fita sai ka yanke ta ka zubar. In ta mutu a cikin ruwan, abin da ta tara na watanni zai dawo cikin ɗan lokaci.

Wadda na fi yi wa kaffa-kaffa ita ce Caulerpa. Ganyenta da jijiyarta da saiwarta duk ƙwayar halitta guda ce, babu bango a tsakani. Idan ta takura, sai ta juye duk abin da ke cikinta ya koma ƙwayoyin haihuwa, ta watsa su cikin ruwa gaba ɗaya, yawanci da asuba, ta bar farin ɓawo. Ruwan ya yi kore, ya gurɓace. Ƙwayoyin cuta su hau cin abin da ya ruɓe, su shanye iskar oksijin, a daidai lokacin da iskar ta fi ƙaranci bayan an kwana fitilu a kashe. Ruwan gishiri mai ɗumi dama ba ya riƙe iska kamar ruwan daɗi. Shi ya sa kifi ke fara faɗuwa, yana haki a saman ruwa, tun kafin ammoniya ta tashi. Murjani ya biyo baya: ya tsuke, ya yi majina, wani naman ya saɓule. Ga kuma guba da Caulerpa ke kare kanta da ita daga masu cin ta, ita ma ta shiga ruwan.

Me ke takura ta? Cunkoso, har ta sama ta hana ta ƙasa haske. Yunwa, idan naitiret ya ƙare ƙarƙaf ko sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa. Sai canjin zafi ko gishiri farat ɗaya. Ni ina tsayar da gishiri a kashi 35 cikin dubu, zafi kuma tsakanin digiri 25 da 26. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, famfon iska mai batir wajibi ne.

Tana ba da alama. Ganye ya fara kodewa, ko ka ga korensa ya tattaru ɗigo-ɗigo ya bar gurabe farare: cire ta a ranar, kada ka jira safiya. In kuwa ta riga ta fashe, fara da ƙara wa ruwan iska, sannan ka kwashe ɓawon, ka canza kwatan ruwan da wanda aka haɗa daidai, ka sa gawayin tace ruwa, ka riƙa auna ammoniya 'yan kwanaki. Ga sabon shiga, Chaetomorpha nake ba da shawara, mai kama da curarren zare. Ita ma tana ruɓewa in an bar ta ta cushe, amma ba ta irin wannan fashewar. Kowacce ce, a rage ta duk mako ko biyu.

Wadda ka yanke kuma, kada ka zuba ta a magudana. A 1984 aka ga Caulerpa taxifolia a teku gab da gidan adana halittun ruwa na Monako, daga nan ta mamaye gaɓar Bahar Rum a ƙasashe da dama. A 2000 ta ɓulla a Kalifoniya, ba a tabbatar da an kawar da ita ba sai 2006. Ɗan guntu ya isa ya tsiro. Sa wadda ka yanke a leda, ta yini ta kwana a firiza, sannan ta tafi shara.