Nasiha Ga Masu Rumbun Ajiya Na Kwamfuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hasarar da ta auka wa wani malami a nan ƙasar Gabi, wanda ya gaji kaset-kaset na tafsirin marigayi mahaifinsa na azumi masu yawa, ya sa aka juye su cikin kwamfuta, sa'an nan ya danƙa wa wani yaro mai da'awar sani amanar haɗa masa rumbun ajiya a gida, domin almajirai su riƙa ɗauka da wayoyinsu.

Yaron ya ɗora manhajar TrueNAS, kuma wannan ba aibi ba ne, gama tun 2005 ake aiki da ita, da farko da sunan FreeNAS, tsarin ajiya na ZFS da ke cikinta kuwa amintacce ne. Amma saboda kwaɗayin fili, sai ya ɗaure faifai biyu na rumbun a tsarin RAID 0 maimakon kowanne ya zama madubin ɗan'uwansa, ya ajiye na'urar a ɗaki mai rufin kwano inda zafin bazara da ƙurar hunturu suke yi mata aiki, ba batirin tare ɗaukewar wuta, ba binciken wata-wata, ba wanda yake duba gargaɗin SMART game da lafiyar faifai. Ranar da faifai ɗaya ya mutu, kome ya tafi, kuma kafin a kawo mini shi an riga an kai wa wani ɗan kasuwa, wanda ya buɗe murfinsa cikin ƙura da sunan gyara. Kaset ɗin asali kuwa an zubar, wai sun tsufa.

Malam ya ce, "Ɗana, ko sura guda ba za ta dawo ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, sai haƙuri."

Wannan sakaci ne, kada a laɓe da ƙaddara. RAID, ko mai madubi ne, ba ya maye gurbin kwafi na dabam. Kada ku buɗe faifai. Kada ku zubar da asali. In kwamfutar ba ta kai giga 8 na RAM ba, ku bar TrueNAS, ku ɗora OpenMediaVault. Ku sayi batiri. Na sake faɗa, kada ku buɗe faifai, kuma kada ku bar jahili ya buɗe muku.

Duk wanda yake riƙe da ilmin magabata a na'ura, wajibi ne ya yi kwafi na biyu, ya kai shi gidan ɗan'uwa a Madarumfa ko Maraɗi tun yau.