Kebul Ko Wi-Fi: Wanne Ya Fi Dacewa Da Sauraron Waƙa A Gida?

Yau za mu yi bayani ne kan tambayar da masu sauraron waƙa ta intanet ke yawan yi: shin idan na jona sifika ko talabijin da kebul, sautin zai fi na Wi-Fi daɗi? A nan kebul muke nufi da igiyar Ethernet, wadda ake jonawa daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, zuwa wata na'urar.

Nawa Waƙa Take Buƙata?

Waƙa ba ta cin intanet da yawa. Mataki mafi girma na matsatsen sauti a Spotify kilobit 320 ne a daƙiƙa ɗaya. Ingancin faifan CD kuwa kilobit 1,411 ne, wato bai kai megabit ɗaya da rabi ba. Ko sauti mai zurfin bit 24 da kilohaz 192, irin wanda Apple Music ya fara bayarwa a 2021, bai wuce megabit 10 ba. Kebul ɗin Cat5e yana iya ɗaukar megabit 1,000 har tsawon mita 100, kuma ko tsohon Wi-Fi yana iya ɗaukar waɗannan adadin cikin sauƙi. Saboda haka gudu ba shi ne matsala ba.

Kebul Yana Ƙara Daɗin Sauti?

A'a. Waƙar tana zuwa ne a matsayin lambobi, kuma na'urar tana tantance kowane ƙunshi da ya iso, idan ya lalace a hanya a sake aiko shi. Sannan manhajar tana tara wani ɓangare na waƙar a ajiye kafin ta kunna. Muddin saƙon ya iso a kan lokaci, abin da kebul ya kawo shi ne Wi-Fi ya kawo. Don haka kada wani ya sayar maka da kebul mai tsada da sunan zai ƙara wa ganga ƙarfi. Wannan aikin sifika ne da ingancin fayil ɗin.

Ina Bambancin Yake?

Bambancin yana wajen dorewa. Wi-Fi igiyar rediyo ce, tana raunana idan ta ratsa bangon bulo da siminti ko ƙofar ƙarfe. Zangon gigahaz 2.4 yana kaiwa nesa, amma cunkushe yake, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Zangon gigahaz 5 ya fi sarari da sauri, sai dai bango yana saurin karya shi. Idan siginar ta yi rauni har ajiyar ta ƙare, sai ka ji waƙa ta tsaya, ko manhajar ta sauko da ingancin sauti. Kebul ba ruwansa da bango ko maƙwabci.

Yadda Za Ka Zaɓa

Na'urar da ba ta motsi, kamar talabijin mai intanet, kwamfutar tebur ko babbar sifika mai ramin Ethernet, ka jona ta da kebul idan rauta na kusa. Wannan ya fi muhimmanci idan kana da sifika a ɗakuna biyu ko uku da kake so su yi waƙa ɗaya a tare.

Wayar hannu kuwa Wi-Fi ne ya dace da ita. Ka ɗora rauta a sama, a tsakiyar gida, ba a cikin durowa ko bayan firiji ba. Idan kana kusa ka zaɓi gigahaz 5. Idan dole sai 2.4, ka shiga saitin rauta ka gwada tasha ta 1, 6 ko 11, domin su ne ba sa hawa kan juna.

Abubuwa Biyu Da Za Ka Kula

Na farko, yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da ramin kebul, kuma idan matsalar daga layin da ke cikin na'urar ce, kebul ba zai gyara komai ba. Ka tsaya kusa da rauta ka kunna waƙa: idan har yanzu tana yankewa, laifin ba na Wi-Fi ba ne. A irin wannan hali ka sauke waƙoƙin a wayarka tun da wuri.

Na biyu, kebul ba ya rage cin data. Sauraron awa ɗaya a kan kilobit 320 yana cin kusan megabait 144, ko ta wace hanya ya biyo. Idan kuma sifikar Bluetooth kake amfani da ita, ka sani tana sake matse sautin, saboda haka kunna mafi girman inganci asarar data ce kawai.

Kafin ka kashe ko sisi, ka fara da canza wa rauta wuri. Mu haɗu a darasi na gaba.