Darasi: Waliyiya Monika, Uwa da Kaka

Ran 27 ga Agusta Ikkilisiya takan tuna da Waliyiya Monika. An fi saninta da uwar Waliyyi Agustin, amma kaka ce kuma. 'Yar Afirka ce, daga garin Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau. Mijinta ba mai bi ba ne, ga zafin rai. Sai gab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Agustin kuwa ya daɗe cikin ɓata, har ya haifi ɗa, Adeodatus, ba da aure ba. Monika ba ta fasa addu'a da hawaye ba, ta bi shi har birnin Milan. A daren Ista na shekarar 387 Bishop Ambros ya yi wa ɗanta da jikanta baftisma tare.

Cikin shekarar nan, suna hanyar komawa gida, ciwon ajali ya kama ta a Ostiya. Ɗaya ɗan nata ya damu kada ta mutu a baƙunci. Ta kwaɓe shi. Wasiyyarta ita ce a binne ta nan inda take, a riƙa dai tunawa da ita a bagaden Ubangiji.

Zancen ya shafe mu a Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda da yawanmu neman abinci ya kawo mu. Mukan ci bashi mu kai gawar uwa gida, ta hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba. Girmamawa ce, ba laifi. Sai dai Zumuntar Mata ta tattauna wannan: idan shekara ta kewayo, mu nawa ne ke zuwa wurin Fada neman Misa dominta?